Kwamfuta mai ƙwaya 16 da ta kasa gyaran fuskar amarya: nazarin wani situdiyo a Sakkwato

Situdiyon da irin aikinsa

Situdiyon ɗaukar hoto ne a cikin garin Sakkwato, shago biyu a haɗe, ɗaya na ɗauka ɗaya na gyara. Mutum uku ke cin abinci a wurin: maigida, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim da wankin hoto, wani saurayi mai gyara, wanda kusan ba ya tashi daga gaban kwamfuta, da wata mata da ake turawa tarukan mata, kamu da wuni da walima, inda namiji ba ya shiga. Fasfo da hoton katin makaranta su ne na cefanen yau da gobe, amma kuɗin kirki daga biki yake zuwa, musamman albam.

Kyamarorinsu masu megafiksel 24 ne, kuma a RAW suke ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba. Biki ɗaya kan kawo hoto 500 zuwa 800. A cikinsu ana zaɓar kamar 60 a yi musu gyaran hannu a Photoshop: goge ƙuraje, daidaita fata, gyara zaman gyale ko hula, sauya bango. Sauran kuwa launi da haske kawai ake daidaita musu, a buga tambarin situdiyo, a mayar da su JPEG a zuba wa mai biki a filashi. Shafin albam inci 12 ne da 36. A kan ɗigo 300 cikin kowane inci, hakan na nufin fiksel 3,600 sau 10,800, wato kusan miliyan 39, kuma duk leyar (wato shimfiɗar hoto da ake ɗorawa kan wata a Photoshop) da ta cika shafin tana cin kimanin megabait 117 kafin a matse ta.

Duk wannan a kan laftof ɗaya ake yi, mai Core i5-6300U, furosesar 2015 mai ƙwaya 2, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) gigabait 8 da faifan ajiya mai juyawa. Ƙwaya a nan ita ce sashen furosesa da ke iya gudanar da lissafi shi kaɗai, ba tare da jiran ɗan'uwansa ba.

Disamba 2023: aiki ya fi ƙarfin laftof

Bukukuwan ƙarshen shekara ne suka tona asirin laftof ɗin. Albam da ake alkawarin mako biyu ya koma wata guda, har uwar wata amarya ta aiko a karɓo kuɗinta. Mai gyara ya kawo koke uku: burushin goge fata yana bin linzami a baya, shafin albam yana daɗewa kafin ya ajiyu, sannan hotunan da ake jerawa su bi ta Batch na Photoshop, tsarin da ke yi wa tarin hotuna gyara iri ɗaya da kansa, suna riƙe laftof ɗin sama da awa guda, ba a iya taɓa komai sai sun gama.

Maigida ya yi shawara da wani dillalin kwamfuta a Kano. Amsar da ya samu gajeriya ce: laftof ɗinka ƙwaya 2 gare ta, ga wata mai 16.

Janairu 2024: sayen babbar kwamfuta

Aka kawo ta, tokumbo ce, irin manyan kwamfutocin ofisoshin injiniyoyi, mutum ɗaya ba ya ɗaukarta da daɗi. Furosesa biyu ne a cikinta, Xeon E5-2670, na shekarar 2012. Kowace tana da ƙwaya 8 da zaren aiki 16 (zare shi ne layin lissafi, kowace ƙwaya tana jan biyu), gudunta gigahaz 2.6, tana iya hawa zuwa 3.3 idan aikin bai kama ƙwayoyi da yawa ba. Jimla ƙwaya 16, zare 32. Sai RAM gigabait 16, faifai mai juyawa terabait 1, da ƙaramin katin girafik irin na aikin ofis. Lissafin maigida a fili yake: 16 ta ninka 2 sau takwas, don haka aikin awa takwas zai dawo awa ɗaya.

Fabrairu 2024: abubuwan da aka gwada

Watan Sha'aban ya kama, lokacin da kowa ke son a ɗaura aure a tare kafin azumi. A makon farko mai gyara ya ce: "Maigida, wagga na'ura ba ta da wani bambanci da wadda munka aje. Burushi na nan yana jan ƙafa." Batch na hoto 300 da ke cin kamar minti 70 a laftof ya dawo kamar 65.

Aka fara da abin da aka saba, wato goge Windows a sake zubawa. Ba abin da ya sauya. Aka cire Photoshop aka sa wata fitowar, shiru. Wani ya ba da shawarar da ke yawo a bidiyoyin intanet, a shiga msconfig a buɗe ɓangaren Boot a zaɓi adadin furosesa mafi girma, wai Windows na ɓoye sauran ƙwayoyin. Wannan akwati na rage ƙwayoyi ne don masu gwajin manhaja. In ba a taɓa shi ba, dama Windows da dukkansu take aiki. Aka ɗaga fifikon Photoshop zuwa sama a Task Manager, tagar Windows da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, nan ma babu labari, domin babu wata manhaja da ke gasa da ita a lokacin.

Gwaji ɗaya ma ɓarna ya yi. Photoshop kan ware wa kanta kashi 70 cikin 100 na RAM. Aka tura ma'aunin zuwa 100, Windows ta rasa wurin numfashi, kwamfutar ta fara daskarewa idan an buɗe burawuza a gefe. Aka mayar da shi inda yake.

Gwajin da ya ɗan yi amfani shi ne ƙarin RAM. Da aka buɗe kwamfutar sai aka ga sandunan RAM biyu ne kawai, kuma duka a gefen furosesa ta farko suke. A irin waɗannan na'urori kowace furosesa tana da nata layukan RAM guda 4, wadda ba ta da komai a gefenta sai ta riƙa aro ta hannun 'yar'uwarta, hanyar kuma ta fi nisa. Aka sayo tsofaffin sandunan RAM na saba (server), masu araha, aka sa 8, huɗu a kowane gefe, jimla gigabait 64. Shafin albam mai leya da yawa ya daina daskarewa. Burushi dai bai san an yi ba.

A ƙarshen watan maigida ya riga ya yanke cewa an cuce shi, kuma ya fara neman mai saye.

Maris 2024: aunawa

Azumi ya kama a 11 ga Maris, biki ya tsaya, aka samu sarari. Aka kira wani mai gyaran kwamfuta da ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya buɗe Task Manager, ya shiga Performance, ya sauya zanen CPU, wato furosesa, zuwa Logical processors don kowane zare ya samu akwatinsa, allon ya rabu ƙananan akwatuna 32. Ya ja tagar gefe ya ce wa mai gyara: "Malam, yi aikinka kamar ba ni nan."

Mai gyara ya buɗe hoton wata amarya, ya ƙara girman kuncinta, ya ɗauki Healing Brush ya fara bin ƙurajen da kwalliya ba ta rufe ba. Duk jan da ya yi, akwati ɗaya ne ko biyu ke tashi su cika, sauran 30 suna kwance kamar ba a kunna su ba. Lambar da ke sama tana nuna kashi 4 zuwa 6 cikin 100. Maigida, da ke tsaye a baya, ya ce to ai ga shi nan, ko kashi goma ba ta kai ba, ashe lalaci take yi. Sai aka nuna masa lissafin: zare ɗaya cikin 32 kashi 3 ne da ɗan ɗoriya, don haka zaren da ya cika maƙil, ya kai iyakar ƙarfinsa, a jimlar allo kamar hutu yake.

Aka bi sauran ayyukan ɗaya bayan ɗaya da agogon waya. Ajiye shafin albam a PSD, wato fayil ɗin Photoshop, zare ɗaya ne ya cika yana matse fayil ɗin. Buɗe jakar hotunan biki, furosesa a kwance, faifai ne ya tsaya a kashi 100. Liquify, kayan aikin lanƙwasa siffar abu a hoto, yana tsalle-tsalle, kuma a saitin Photoshop an ga ba ta amince da katin girafik ɗin ba, alhali wannan kayan aiki a kan katin yake dogara don ya yi santsi. Batch kuwa hoto ɗaya yake buɗewa, ya gama da shi, ya rufe, sannan ya ɗauko na gaba. Ƙwayoyi da yawa kan tashi na ƙiftawar ido lokacin da ake warware RAW, sai su koma su kwanta.

Sai aka ɗauki hoto 500 na wani biki aka shigar da su Lightroom Classic, manhajar sarrafa hotuna da yawa a tare, wadda ke kan kwamfutar tun farko amma ba a cika buɗe ta ba, aka ce ta fitar da su JPEG da tambari. Akwatuna 32 suka tashi kusan gaba ɗaya, fankoki suka ɗauki kuka. Ta gama cikin kimanin minti 18. Aiki iri ɗaya a laftof ya ci kusan minti 50.

Abin da ma'aunin ya nuna

Kamfanonin furosesa ba don sha'awa suka koma tara ƙwayoyi ba. Har farkon shekarun 2000 ana ƙara gudu ne ta hanyar ɗaga gigahaz, sai zafi da cin wuta suka tare hanya. Pentium 4 a gigahaz 3.8 ta tsaya. A 2005 Intel ta fitar da Pentium D, AMD ta fitar da Athlon 64 X2, masu ƙwaya bibbiyu, daga nan aka ci gaba da ƙari. Photoshop kuwa tun 1990 take, kuma ko da an sake gina sassanta da dama don su raba aiki, akwai ayyukan da yanayinsu ne ba ya rabuwa.

Noman gona yana karɓar gayya: mutum 16 su ja kunya 16, kafin azahar an tashi. Ginin rijiya ba haka yake ba, mutum ɗaya ne ke shiga ƙasa, ko an tara unguwa a baki sai dai su miƙa guga. Hoto 500 da babu ruwan wani da wani gona ce. Jan burushi rijiya ce, domin kowane taɓi yana dogara da abin da taɓin baya ya bari a kan fatar, dole a gama wannan kafin a shiga wancan. Akwai kuma kuɗin rabon kansa: yanka ɗan ƙaramin wuri gida 32, a raba, a jira kowa, a sake haɗawa, yakan fi aikin tsada.

Gene Amdahl, injiniyan IBM, ya bayyana wannan iyaka tun 1967. Idan rabin aiki ne kawai ke rabuwa, ƙwaya 16 ba za su ba da saurin da ya kai ninki 1.9 ba, kuma ko an kawo ƙwaya dubu ba za a wuce ninki 2 ba. Idan kashi 90 cikin 100 ne ke rabuwa, ƙwaya 4 na ba da kimanin ninki 3.1, ƙwaya 8 na ba da 4.7, ƙwaya 16 na ba da 6.4. Wato daga 8 zuwa 16 an ninka kuɗi da wuta, amma saurin bai ƙaru da ko rabi ba.

Abin da ya fi ɗaure wa maigida kai shi ne kwatancen ƙwaya da ƙwaya. Ta laftof tana hawa gigahaz 3.0, ta Xeon 3.3, amma ta laftof ƙirar 2015 ce, tana gama lissafi fiye da ta 2012 a kowane bugu. Idan aka tsaya a zare ɗaya, kusan kunnen doki suke. Mai gyara bai yi ƙarya ba da ya ce bai ga bambanci ba.

Kafin ƙarshen watan aka yi gyara uku marasa tsada. Aka sa SSD, ma'ajiya mara juyawa mai sauri, guda biyu, ɗaya na Windows da manhajoji, ɗaya na hotunan da ake kan aiki da kuma wurin da Photoshop ke zuba abin da ya fi ƙarfin RAM. Faifai mai juyawa bai cika wuce megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa ba, SSD na SATA kuwa yana kai wajen 550, kuma ba ya ɓata lokacin neman inda fayil yake. Aka kunna ma'aunin Efficiency a ƙasan tagar Photoshop, wanda in ya sauko ƙasa da 100 yake nuna RAM ta ƙare an koma faifai. Sannan aka kashe matse PSD ga shafukan da ake kan haɗawa, fayil ya ƙara girma, ajiya ta yi sauri. Fitar da hoto 500 ya sauko zuwa kimanin minti 12.

Afrilu 2024: zafi da wuta

An yi ƙaramar Sallah a 10 ga Afrilu, hotunan yara da na dangi suka cika shagon, bukukuwan bayan Sallah suka biyo. Sai minti 12 ɗin nan ya koma 20 da wani abu idan rana ta take, ya dawo daidai da dare. Wanda ya san Sakkwato a Afrilu ya san zafi na haura digiri 40, ɗakin gyaran kuma rufin kwano ne, fanka ɗaya. Aka sa manhajar auna zafi, aka ga furosesa ta biyu tana wuce digiri 90, daga nan sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Da aka buɗe murfin, ƙurar hunturu ta toshe ƙarafan sanyaya kamar an liƙa musu auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya farfashe. Aka hure ƙurar, aka sa sabon mai, aka ɗauke kwamfutar daga ƙarƙashin tebur aka ɗora ta a kan benci nesa da bango. Lokacin ya dawo kusa da inda yake.

Matsalar wuta ba ta gyaru da hurewa ba. Kowace Xeon ɗin an ƙera ta ne a kan wat 115, biyu 230 ke nan, ban da RAM da fankoki da allo. Furosesar laftof wat 15 ce. Inbatar shagon da ke riƙe laftof da fitilu har dare ta koma yin ƙara tun la'asar, janareta kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba abin kunnawa ba ne don goge ƙuraje. Kwamfutar na shan wuta mai yawa ko a lokacin da ƙwaya ɗaya ce ke aiki a cikinta.

Mayu zuwa Yuni 2024: raba aikin gida biyu

Shawarar da aka tsaya a kai ita ce kada a sayar da babbar, amma a ɗauke ta daga kujerar mai gyara. Aka haɗa wata ƙarama da Core i5-12400, ta 2022, mai ƙwaya 6 da zare 12, wadda ke hawa gigahaz 4.4, an ƙera ta a kan wat 65 kodayake tana iya kai 117 idan an matsa mata. Aka sa mata RAM gigabait 32, SSD na NVMe, da matsakaicin katin girafik da Photoshop ta amince da shi. Maigida ya yi gardama sosai: "Yaya za ni bar sha shida in koma shida? Kuɗɗina fa?" Aka ce ya zauna ya ja burushin da hannunsa. Ya ja, bai ƙara magana ba.

Burushi ya daina jan ƙafa, Liquify ya yi santsi, shafin albam yana ajiyuwa cikin ƙasa da rabin lokacin da. Da aka gwada ta da hoto 500 ɗin nan, ta gama cikin kimanin minti 13, wato ƙwayoyinta 6 sun kusa kamo 16 na 2012 a filin da suka fi ƙarfi.

Tsarin aikin ma ya sauya. An daina bi da ɗaruruwan hotuna ta Batch. Ana daidaita launin hoto ɗaya a Lightroom, a kwafa saitin ga 'yan'uwansa da aka ɗauka a haske ɗaya, a bar babbar kwamfuta ta fitar da su, kuma sai akwai wutar gari ake kunna ta. Hotunan gyaran hannu da albam suna kan ƙaramar, wadda inbata ke iya ɗauka. Waya ɗaya ta sadarwa ce ta haɗa su. Babbar Sallah ta zo a 16 ga Yuni, bukukuwan da suka biyo bayanta aka ba da albam ɗinsu cikin mako biyun da aka yi alkawari.

Hukunci

Dillalin bai sayar da jabu ba. Ƙwaya 16 ya ce, kuma 16 ne, suna aiki. Kuskurensa, wanda maigida ya taya shi, shi ne amsa tambayar da ba a auna ba. Cikin koke ukun mai gyara, biyu na zare ɗaya ne, na ukun kuma manhajar da aka zaɓa ce ta mayar da shi na zare ɗaya, alhali aikin kansa mai rabuwa ne. Wanda ke zaune yana gyaran fuska ya fi buƙatar ƙwayoyi kaɗan masu gudu, da isasshiyar RAM da SSD da katin girafik, fiye da tarin tsofaffin ƙwayoyi.

A ganina abin da ya fi kawo sauyi a shagon bai ci ko kwabo ba, shi ne ƙaura daga Batch zuwa Lightroom. Ko a tsohuwar laftof da an yi hakan da an samu sauƙi, kuma da an sa mata SSD da ƙarin RAM tun Disamba da wataƙila an tsallake bukukuwan Sha'aban ba tare da babbar ba. Goge Windows da wasa da msconfig sun faɗi ne saboda sun ɗauka akwai abin da ya lalace. Ƙarin RAM ya yi aiki a albam kaɗai domin a nan ne kawai RAM ta ƙare.

Ajiye babbar kwamfutar ma ina ganin rabin dalilinsa kunya ce. Tunda ƙaramar na fitar da hotuna a kusan lokaci ɗaya, amfanin babbar guda ne: tana ɗauke wannan nauyin don kada mai gyara ya zauna jira. A ranakun cunkoso wannan ya isa dalili, a sauran ranaku kuwa wuta kawai take sha. Kwananta ma ƙidayayye ne, domin Xeon na 2012 ba ya cikin jerin furosesocin da Windows 11 ta amince da su, kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025. Shagon ya mayar da tsohon faifanta ma'ajiyar hotunan da aka riga aka miƙa wa masu su, kuma maigida ya ce duk ranar da ta tsaya ba zai sayi wata irinta ba, RAM zai ƙara wa ƙaramar.